Kafin ka kafa fartanya a bayan gidan haya a Ingila

Bahaushe ba ya ganin ƙasa a kwance ya ƙyale ta. Je ka lambunan unguwa a Manchesta ko Birminham, idan ka hango alayyafo ya yi kore shar, da wuya ka rasa namu a gefe. Abin alfahari ne. Amma ku sababbin zuwa, gaggawarku ta yi yawa.

Noman kansa ba sai an koya muku ba. Ku dai sani nan ba a jiran damina, ana jiran sanyi ya tafi ne. Har tsakiyar Mayu raɓa na iya daskarewa da dare ta ƙone tsiro. Attaruhu da tumatir a fara su cikin ɗaki bakin taga tun Fabrairu ko Maris. Dankalin turawa, albasa da kabewa ba su da rigima. Kuɓewa sai a rumfar leda. Yakuwa za ta ba ka ganyen miya, amma kada ka sa rai da zoɓo. Dodon koɗi kuwa a dare ɗaya zai share maka gadon latas.

Inda ake kuka shi ne wajen mai gida. Ciyawar nan ta bayan gidan da ka kama, ba saura ba ce. Kafin ka shiga ejan ya ɗauki hotonta, ta shiga lissafin kayan gida tare da firij da labule. Ni ma da na zo, na kafce ta tas, na ja kunya, na zuba wake. Maƙwabciyata tana leƙowa tana yabawa. Ranar tashi aka nuna mini hoto, aka yanki kuɗin sabuwar ciyawa da ladan mai dasawa daga kuɗin ajiyata, wato kuɗin jinginar da na bayar lokacin kama gidan. Tun dokar 2019, kuɗin ajiyar nan na iya kaiwa hayar mako 5, ka ga ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai gama tsayawa da ƙafarsa ba. Na ce ai mai gidan ya ce ba komai. Aka ce ina shaida? Nan "ba komai" na fatar baki ba ya aiki, ɗan'uwa. Karanta takardar haya, ka nemi izini ta imel, ka adana amsar. Idan ya ƙi, shuka a bokiti da buhu, ranar tashi ka kwashe abinka. Wani yaro na faɗa wa haka bara, ya ce mini shi mai gidansa mutumin kirki ne. To.

Mafita ita ce filin da ƙaramar hukuma ke bayarwa haya, wanda suke kira alotmen. Cikakkensa ya kai murabba'in mita 250, kuɗinsa na shekara bai taka kara ya karya ba. Sai dai layi: a Landan ana shekaru ana jira, don haka rubuta sunanka da zarar ka sami adireshi. Idan aka ba ka, karɓi rabi tukuna. Ka bar shi ya yi ciyawa, wasiƙar gargaɗi za ta zo, daga ita sai ƙwacewa. Kuma na cin gida ne, ban da kasawa a sayar.

Irin da Hajiya za ta ƙullo maka daga gida ma, bincika dokar shigo da tsirrai kafin a sa shi a jaka.