Yadda zaka karanci diskirit mas har ya zauna maka

Duk dalibin kwamfuta sayans sai ya hadu da kwas dinnan, kuma dayawa suna daukarsa na haddacewa ne kawai a ci jarabawa a wuce, wallahi abin yana min ciwo domin kusan duk abinda zaka yi gaba akansa aka gina shi. Lissafi ne na abubuwan da ake kirgawa daya bayan daya, gaskiya ko karya, 0 ko 1, wanda kuma da haka kwamfuta take aiki.

Ka fara da lojik, wato ka'idojin gane ko magana gaskiya ce ko karya, kada ka tsallake shi dan kaga kamar da sauki. Dauki jimlar nan, idan aka yi ruwan sama kasa zata jike. To ka fito da safe ka tarar kofar gida a jike, shin ruwa aka yi? Ba dole ba, watakila wanki aka zubar. Amma in ka tarar da kasa a bushe to ka tabbata ba'a yi ruwa ba. Wannan dan bambancin shine yake kayar da mutane a jarabawa, kuma shi ne dai yake bata musu firogiram daga baya in sunzo rubuta sharadi. Ka zana teburin gaskiya da karya, wato jadawalin da ke nuna yaushe jimla take gaskiya yaushe take karya, da hannunka, biro da takarda, sau goma sau ashirin har sai kana ganinsa ido rufe. George Boole dan Ingila ne ya tsara wannan lissafin tun 1854, sai a 1937 Claude Shannon yana dalibi a jami'ar MIT ta Amurka ya nuna ana iya hada shi da makunnan lantarki, kaga kenan abinda kake zanawa shi ne a cikin wayarka.

Daga nan sai kafa hujja, anan zaka dade kuma ba laifi bane. Shawarata kafin ka karanta hujjar littafi ka gwada da kananan lambobi tukuna. Ance 1+2+3 har zuwa n daidai yake da n(n+1)/2, to saka 4 ka gani, 10 ta nan 10 ta can, saka 5 kaga 15, sannan ka tambayi kanka me yasa in ya yi a kan wata lamba dole ya yi a kan ta gaba. Bayan ka karanta ka rufe littafin ka sake rubutawa da kanka, inda ka makale nan ne baka gane ba.

Kirge da lissafin ragowa kuwa ka jawo su cikin harkarka ta kullum. Lambar sirri ta ATM mai lamba 4 tana da yiwuwa 10,000. Mutum 13 a daki dole a samu biyu da aka haifa wata daya. Yau Juma'a, bayan kwana 100 wace rana ce? Raba 100 da 7 saura 2, Lahadi kenan, kuma irin wannan lissafin ne a karkashin RSA na 1977 da ake boye sakonni dashi a intanet.

Giraf ka barshi karshe, dige-dige ne da layuka, kamar garuruwa da titunan da suka hada su. Zana unguwarku, sa nisa akan kowane layi, ka bi dabarar Dijkstra, wato tsarin lissafi na nemo gajeriyar hanya, mataki mataki ka nemo hanya mafi kusa daga gida zuwa masallaci, sannan ka bude kwamfuta ka rubuta shi da yaren firogiram na Python.