Yadda na gyara matsalar RNA ɗin da ke narke mini a labo

Sati uku cur ina fama. Ina tsarkake Xrn1 ne daga yis, wato inzayim ɗin nan da ke cin RNA (zaren da ke ɗauke da saƙon gado a ƙwayar halitta) daga gefensa da ake kira 5' ya nufi na 3', amma duk sanda na zuba RNA a jel, inda yake rarrabuwa layi-layi bisa girma, sai in ga layuka biyun manyan RNA ɗin yis, 25S da 18S, sun ɓace, sai wani shafe-shafe kamar an ja tsumma, har a tub ɗin da ban sa inzayim ba ko ɗigo. Nan hankalina ya tashi wallahi.

Da farko zafin Damagaram na ɗora ma laifi, da kuran da ke ɗaukewa firgo ya huce. Malamina ya ce "ɗana, sa EDTA ka gani". Xrn1 ba ya aiki sai da maganiziyom, EDTA kuwa kame shi yake, amma RNase (ita ma inzayim ce mai cin RNA) irin ta fatar hannu ba ruwanta da wannan. Na sa, RNA ya narke dai. Ashe baƙuwar RNase ce ta shigo mini.

Kuma otokilab (tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta) ba ya gamawa da ita, nan na yi kuskure tun farko. Sai na gasa kwalaben a 180°C na kwana ɗaya, ruwa na sa mai DEPC (sinadarin kashe RNase) 0.1% ya kwana sannan na dafa a otokilab, amma ban da ruwa mai Tris (sinadarin daidaita tsamin ruwa) don shi da DEPC suna cin juna. Safar hannu kuwa ko waya na taɓa sai na canza.

Jiya layuka biyun sun fito tsaf, tub mai Xrn1 kaɗai ya cinye, mai EDTA bai taɓu ba. Alhamdulillah.