Yadda za ka karanta tsoffin littattafan neman gyara na Amurka

Kada ka karanta ko ɗaya daga cikinsu shi kaɗai. Wannan ita ce babbar shawarata, kuma sai da na sha ruɗu kafin na gane ta. Na fara ne da Looking Backward na Edward Bellamy, wanda ya fito a 1888, na cinye shi cikin darare uku a wayata, batir na ƙarewa ina neman caja. Saurayi ne ɗan Boston, Julian West, ya kwanta barci a 1887 bai farka ba sai shekarar 2000. Ya tarar babu maroƙi babu attajiri, masana'antu duk na al'umma ne, kowa ana ba shi kati mai rabo daidai da na ɗan'uwansa, mutum ya yi aiki har shekara 45 ya huta. Wallahi ya tafi da ni. Kuma ba ni kaɗai ba, don a zamaninsa har ƙungiyoyi aka kakkafa saboda littafin.

Sai a karatu na biyu na lura da Sawyer, baran West, baƙar fata. Shi ne ya kamata ya tashi maigidansa da safe. Gobara ta ci gidan, ana kyautata zaton ta ci da shi, daga nan kuma ba a sake waiwayar makomar irinsa a sabuwar duniyar ba. Abin ya tsaya mini a rai.

To ga yadda nake yi yanzu. Ka samu ɗan littafin rubutu, kowane labari ka ba shi shafi. A sama ka rubuta shekarar da ya fito, ka nemo abin da ke faruwa a ƙasar a lokacin. A ƙasa ka ja layi biyu: waɗanda suka yi magana, da waɗanda suka yi aiki kawai aka wuce su. Layi na biyun nan shi ne zai riƙa tona maka asirin marubuci.

Daga nan ka haɗa Bellamy da Sutton Griggs, malamin coci baƙar fata, wanda ya fitar da Imperium in Imperio a 1899. Shi ma mafarkin wata ƙasa yake yi, amma tasa gwamnati ce ta baƙaƙe a ɓoye, a garin Waco na jihar Texas. Ka rubuta 1896 a gefen shafin, shekarar da Kotun Ƙoli ta halasta wariyar launi a shari'ar Plessy. Da ka ga wannan kwanan wata za ka fahimci me ya sa mafarkin ɗaya yake a sarari, na ɗayan kuma dole ya ɓuya.

Kan cin hanci, fara da The Gilded Age na Mark Twain da Charles Dudley Warner, 1873. Shekara guda kafin nan aka bankaɗo badaƙalar Crédit Mobilier, inda aka raba wa 'yan majalisa hannun jari a kamfanin da ke shimfiɗa layin dogo. Littafin yana da tsawo, akwai wuraren da za ka iya gudu a kansu. Amma ka nutsu a kan Sanata Dilworthy, mai yawan wa'azi da ambaton Allah, wanda yake tura ƙudurin da zai sa gwamnati ta sayi wani fili a Tennessee da tsada, wai don a gina makarantar da za ta amfani bayin da aka 'yanta. Da sunansu ake ci, ko loma ba ta kai bakinsu ba. A ganina nan ne rashawa da launin fata suka fi haɗuwa fili-fili.

The Jungle na Upton Sinclair, 1906, kowa ya san shi da ƙazantar mayankar Chicago, kuma a shekarar aka yi dokar duba nama. Kai ka bi Jurgis, ɗan Lithuania da labarin yake a kansa, ranar zaɓe: an yi masa takardar zama ɗan ƙasa cikin gaggawa, an nuna masa inda zai yi alama, an danƙa masa dala biyu. Mu da muka ga ana raba taliya da sabulu, ba ma buƙatar fassara. Sai dai ka kula da inda Sinclair ya zo kan baƙaƙen da aka kawo don karya yajin aiki. Mutumin da ya zubar da hawaye kan ɗan Lithuania, a nan alƙalaminsa ya koma na raini. Kada ka tsallake shafin, kada kuma ka nema masa uzuri. Ka rubuta shi a layi na biyu.

Na ƙarshe a jerina The Marrow of Tradition ne na Charles Chesnutt, 1901. Kafin ka buɗe shi, karanta abin da aka gina labarin a kai, wato abin da ya faru a Wilmington, North Carolina, ranar 10 ga Nuwamba 1898: fararen fata ɗauke da bindigogi sun ƙone ofishin jaridar baƙaƙe, sun kashe mutane, sun tumɓuke zaɓaɓɓiyar hukumar garin. Duk littattafan nan biyar suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Turancinsu tsoho ne, don haka ka ajiye ƙamus kusa, kuma shafi ashirin a dare ya isa.