Yadda Ake Zana Balbela da Fentin Ruwa

A fentin ruwa ba a shafa fari. Farin takardar shi ne farin zanen, kuma wurin da launi ya taɓa ba ya komawa fari fes. Shi ya sa balbela take da daɗin koyo: aikin duka ya tsaya ne kan sanin inda ba za ka kai buroshi ba.

Nemi takardar fentin ruwa mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, in ta auduga ce ya fi. Wadda ba ta kai haka ba tana tuƙuƙƙushewa da zarar ta sha ruwa, fentin ya taru a kwarin. Manna gefunanta huɗu a kan allo da tef na takarda. Buroshi biyu masu zagayayyen kai sun isa, lamba 8 da lamba 2. Launi huɗu: shuɗin da aka rubuta Ultramarine a jikinsa, ja-ƙasa na Burnt Sienna, rawayar ƙasa ta Yellow Ochre, da rawaya mai haske. Sai fensir HB, farin faranti na haɗa launi, tsumma, da kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta.

Kafin fenti, je ka kalli tsuntsuwar a bayan garken shanu ko a bakin fadama. Mai son ganinsu da yawa ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba ta dogon wuyan zalɓe. Wuyan balbela gajere ne mai kauri, tana yawan noƙe shi, kuma gashin ƙarƙashin bakinta ya ɗan cika kamar haɓa. Zana gangar jikin a siffar ƙwai wanda ya ɗan karkata, ƙaramin da'ira na kai, sannan ka haɗa su. Kar ka danna fensir, kuma ka rage gogewa, domin roba tana kankare fuskar takarda, wurin ya riƙa shan fenti da duhu.

Fara da inuwa. Haɗa shuɗin da ɗan ja-ƙasa, ka tsinka shi da ruwa sosai har ya zama toka-toka mai haske. Gwada a guntuwar takarda ka bari ya bushe tukuna, don fentin ruwa yana ƙara haske bayan bushewa. Yanke shawarar inda rana take. In daga hagu take, inuwa za ta faɗa ƙarƙashin wuya, ƙasan fiffike da ciki ta dama. Shafa da lamba 8, nan take ka wanke buroshin, ka matse shi a tsumma, ka bi gefen inuwar don ya narke cikin farin. A ƙasan cikinta, tun da danshi, ɗiga ɗan rawayar ƙasa, saboda ƙasa da ciyawa suna mayar da haske mai ɗumi. Aƙalla rabin jikin ya zauna babu fenti ko kaɗan. Gashi ɗaya-ɗaya kuwa ka manta da shi, layi uku ko huɗu a ƙarshen fiffike sun wadatar.

Yanzu abin da zai fito da ita: bayan fage, wato wurin da ke kewaye da ita a zanen. Bari inuwar ta bushe ƙarau, ka taɓa da bayan hannu, in akwai sanyi to da saura. Haɗa kore daga shuɗi da rawaya, ka karya shi da ɗigon ja-ƙasa, kuma ka haɗa fiye da yadda kake zaton za ka buƙata. In ya ƙare a tsakiyar aiki, kafin ka haɗa wani, gefen ya bushe ya bar layi. Jingina allon ya ɗan karkata, ka fara daga sama, kana bin gefen tsuntsuwar da tsinin buroshi. Sa mafi duhu daura da inda rana ta fi haska ta.

A hunturu takarda tana bushewa cikin ɗan lokaci, ga ƙura. Yi aiki a ɗaka, ka fara jiƙa bayan fagen da ruwa mai tsabta, ka jira ƙyallin ya ragu. Ɗigon ƙaro a ruwan haɗi yana ɗan jinkirta bushewa. Da ma ƙaron da ake samu a jikin ɗakwara, irin wanda Sudan da Chadi da Najeriya suke fitarwa, shi ne yake riƙe garin launi a fentin. Da damina matsalar ta juya, sai haƙurin jira. In ka kai buroshi mai ruwa wurin da ya fara bushewa, ruwan zai ture launin ya bar tabo mai duhun gefe. Kar ka bi shi da gyara a jiƙe. Bari ya bushe, ka sake shafa siririn launi a kai.

Baki da ido da ƙafa su ne na ƙarshe, da lamba 2. Baki rawaya ne, ƙasansa ya ɗan fi duhu. Ido rawaya da baƙin ɗigo a tsakiya, wanda za ka samu daga shuɗi da ja-ƙasa masu kauri. Ƙafafu toka mai duhu, a ɓoye yatsun cikin ciyawa. In ta lokacin kiwon 'ya'ya kake so, ƙara rawayar ƙasa mai ɗan ja a ka, ƙirji da gadon baya. Cire tef bayan komai ya bushe, kana jansa a hankali zuwa waje don kar ya yage takardar.