Rile Ba Ya Bin Lokaci? Duba Nan Kafin Ka Sayi Sabon Arduino

Samarinmu na Agege da Idi-Araba a Legas da ke haɗa Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa shiri don ya sarrafa na'ura, yawanci so suke injin ruwa ya riƙa kunna kansa, ya cika tanki, ya mutu. Da lokaci ya rikice sai a ɗora wa allon laifi, a nufi Computer Village da ke Ikeja a sayo sabo. Alhali sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau.

Fara da gano ko allon yana mutuwa yana sake tashi ne. Sa shi ya rubuta wata kalma a Serial Monitor (tagar kwamfuta da ke nuna saƙon allon) cikin setup(), sashen shirin da ke gudana sau ɗaya duk sanda allon ya tashi. In kalmar tana sake fitowa duk sanda rile (makunnin da allon ke kunna injin da shi) ya yi ƙas, to matsalar wuta ce. Naɗaɗɗiyar wayar cikin rile tana watso wuta baya idan aka kashe ta, kuma dayod 1N4007 da aka ɗaura a juye a ƙafafunta ne ke shanye ta. Kada kuma ka ja rile kai tsaye daga ƙafar allon Arduino Uno: iyakarta 40mA, shi kuwa rile mai 5V yakan ci kusan 70mA. Sa taransisto a tsakani.

Wanda ya fi ban haushi shi ne na lissafi, don shiru yake ɓarnarsa. Ka rubuta 60 * 1000 da nufin minti ɗaya (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya), amma a Uno int, ma'ajin lamba na yau da kullum, ba ya wuce 32,767, sai adadin ya kife. Rubuta 60000UL, ka ajiye lokaci a unsigned long, ma'ajin da ke ɗaukar manyan lambobi. Shi ma millis(), mai ƙirga milisakan tun tashin allon, yana komawa sifili bayan kusan kwana 50, saboda haka ka riƙa ɗebe lokacin farawa daga na yanzu, kada ka tara ka kwatanta.

Shi kuwa delay(), umarnin jira, muddin yana ƙirga allon bai san abin da ake ciki ba. Tanki zai cika har ya yi ambaliya a tsakar gida, makunnin cikinsa na ta ba da sanarwa ba mai ji. Koma wa millis().

Sai batun NEPA. Duk ɗauke wuta, ƙirgen daga farko yake somawa, ga shi agogon Uno da kansa yana zamewa a hankali. In kana son injin ya tashi ƙarfe 6 na safe kullum, haɗa ƙaramin agogon DS3231 mai batirin CR2032.

In kuma ka ga rile yana kunnuwa a lokacin da ya kamata ya mutu, mai yiwuwa irin wanda LOW (sifilin wuta a ƙafar allon) ke kunnawa ne, ba HIGH (5V) ba. Musanya HIGH da LOW a shirin naka.