Yadda Za Ka Samu Wurin Buga Pikulbol a Zariya, Ka Kuma Koyi Wasan

Pikulbol wasa ne mai kama da tanis, ana buga ƙwallon roba ta saman raga a ƙaramin fili. Duk wanda ya zauna jiran a gina fili mai ɗauke da sunan pikulbol kafin ya fara wasan, zai daɗe yana jira ba dalili. Filin da ake buƙata yana nan cikin garin nan tun tuni. Faɗin filin pikulbol ƙafa 20 ne, tsawonsa ƙafa 44, wato daidai da filin badminton na 'yan wasa bibbiyu. Haka ma wasan ya faro: a 1965, a tsibirin Bainbridge kusa da birnin Siyatal na Amurka, Joel Pritchard da Bill Bell suka tsinci kansu da tsohon filin badminton ba cikakken kayan wasa, sai suka sauko da raga ƙasa, suka ɗauko ƙwallon roba mai huji-huji. Daga baya Barney McCallum ya shigo suka tsara dokoki.

Saboda haka aikinka na farko shi ne neman daɓen siminti mai santsin fuska, wanda bai farfashe ba. Fara da manyan makarantu, don su ne suka fi kowa filayen wasanni a Zazzau: Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, Nuhu Bamalli, sai tsofaffin sakandare irin Barewa da Alhudahuda. Bayan su ka leƙa kulob-kulob da otal-otal na wajen GRA. Idan ka je, kada ka tambayi filin pikulbol, don mai gadi zai ce maka babu, ka koma gida. Tambayi filin badminton, ko na tanis, ko na ƙwallon kwando, sannan ka nemi malamin wasanni ko kocin da ke kula da wurin. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nuna masa bidiyon wasan a waya, ka ce: "Ranka ya daɗe, aron filin muke nema a lokacin da ba kowa. Da alli za mu ja layi, mu share in mun tashi." Wannan magana ta alli tana da muhimmanci ƙwarai. Abin da mai kula da fili ya fi tsoro shi ne a ɓata masa layukansa da fenti. Ka kuma gayyace shi ya taɓa, domin in koci ya ji daɗin wasa, ƙofa ta buɗe maka ke nan.

Wanda gidansu ke da faffaɗan tsakar gida mai siminti, ya riga ya huta. Wannan hanyar ce ta fi dacewa da iyayenmu mata da 'yan'uwa mata da ke son motsa jiki ba tare da fita ba. Sai dai a bar sarari a bayan layi, don ɗan wasa yakan ja da baya. Wuri mai ƙafa 30 da 60 shi ne ya wadatar.

An samu wuri, sai awo. A filin badminton layukan waje sun gama maka aiki. Saura ka auna ƙafa 7 daga raga ta kowane ɓangare ka ja layi. Wannan yankin shi 'yan wasa ke kira kicin. Abin da ya rage a baya, ƙafa 15, ka raba shi akwati biyu, dama da hagu. Idan daɓe ne fili fetal, ka ari tef na awo wurin birkila, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta: in ta ba ka ƙafa 48 da inci 4 ta kowane ɓangare, filinka bai karkace ba. Raga kuwa inci 36 ce a gefe, 34 a tsakiya. Ta badminton ta yi sama da yawa, sai an kwance an ɗaura ƙasa. Ta tanis inci 36 take a tsakiya, ɗan janyo ta ƙasa kawai za a yi.

Abin bugun ƙwallon katako ne ko makamancinsa, ba shi da zare irin na tanis, siffarsa kamar ƙaramin allon karatu mai mariƙi. Na farko-farko ma da filawud aka yanka su, don haka kafintan unguwarku zai iya: tsawo kamar inci 16, faɗi 8, a goge gefe, a naɗe mariƙin da tef. Ƙwallon ce ba a yi wa dabara. Nuna hotonta ga masu kayan wasanni a Sabon Gari, in ba a dace ba ka yi oda ta intanet, ka rubuta pickleball. Nemi mai huji 40, ta waje ke nan. Mai huji 26 ta cikin zaure ce, iskar hunturu za ta riƙa kwasarta. Takalmi mai shafaffen tafi ka sa, ban da silifa.

Yanzu dokoki. Mai sabis, wato mai fara buga ƙwallo, yana tsayawa bayan layin ƙarshe, ɓangaren dama in sabis na farko ne, ya buga daga ƙasa zuwa sama, ƙwallon na ƙasa da ƙugunsa. Za ta tafi a karkace zuwa akwatin da ke ɗaya kusurwar, ta tsallake kicin da layinsa. Gwaji ɗaya gare shi. Wanda aka buga wa dole ya bari ta taɓa ƙasa sau ɗaya kafin ya mayar, su ma masu sabis dole su bari wadda aka mayar musu ta taɓa ƙasa. Bayan nan ne kowa ke da ikon tare ta a iska. Sababbin shiga, musamman 'yan tanis, nan suke yawan faɗawa: sun yi sabis sun ruga gaba. Yi sabis ka tsaya a baya.

Dokar kicin ita ce ran wasan. Ba a dukan ƙwallo a iska alhali ƙafa na cikin kicin ko bisa layinsa, ko da ƙarfin bugun ne ya tura ka ciki bayan ka buga. Amma in ƙwallon ta faɗi a ciki, shiga ka buga ta, ka fito. Wannan doka ce ta hana mai ƙarfi tsayawa bakin raga yana zabga, ita ce kuma ta sa dattijo mai haƙuri yake iya cin saurayi. A ganina, kafin ku fara ƙirga maki, ku ɓata zaman farko gaba ɗaya a bakin layin kicin kuna tura ƙwallon a hankali, tana tsallake raga da kyar tana faɗawa kicin ɗin abokin karawa. Wanda ya iya wannan bugu mai laushi ya iya rabin wasan.

Masu sabis ne kaɗai ke cin maki. Ana tashi a 11, da ratar maki 2. Idan bibbiyu ne, kowa a ɓangaren yana yin sabis har sai ya yi laifi, sannan ya koma hannun abokan karawa, ban da farkon wasa, inda mutum ɗaya kawai ke yi. Kafin sabis ana faɗin lamba uku da ƙarfi: makinku, makinsu, da ko kai ne mai sabis na 1 ko na 2. Shi ya sa ake buɗe wasa da "sifiri, sifiri, biyu". Duk makin da kuka ci, kai da abokinka ku sauya gefe.

Lokaci kuma, bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta gasa siminti, ko tsakanin la'asar da magariba. Da hunturu a share ƙura kafin a fara, don tana sa santsi. Da damina, in daɓe ya jiƙe, a haƙura sai ya bushe. Ku nemi mutum shida zuwa takwas a rukunin WhatsApp ɗaya, huɗu na ciki sauran na hutawa, waɗanda aka ci su fita wasu su shiga, kuɗin ƙwallo da raga kuma a yi karo-karo.