Yadda ake rubuta fata da tsammani da Turanci a wasiƙar aiki

Wasiƙun neman aiki da na neman gurbin karatu da masu koyo ke kawo mini in duba, yawanci jikinsu ba shi da matsala. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne layuka biyun ƙarshe, wurin da mutum zai ce yana fatan a duba buƙatarsa, yana kuma sa ran amsa. Kuma da waɗannan layukan ne mai karatu zai ajiye takardar. Ba zan tsaya kan adireshi da kwanan wata da gaisuwa ba, waɗannan kowa ya iya su.

Mataki na farko: tambayi kanka, abin nan a hannun wa yake?

Kalmomi uku ake cakuɗawa: "hope", "expect" da "wish". Idan kana son abu ya faru, amma ba ka da tabbas kuma ba ka da iko a kansa, "hope" ce taka. Idan ka riga ka yi imani zai faru, ko kana ganin haƙƙinka ne a yi maka, sai "expect". Ita kuwa "wish", idan jimla ta biyo bayanta, aikin "da ma" take yi: abin da ba haka yake ba, kake so da haka yake. Shi ya sa aikatau ɗin (kalmar aiki) da ke bin ta yake komawa shuɗaɗɗen lokaci: "I wish I had more experience", da ma ina da ƙwarewar da ta fi haka.

To ka ga "I wish you will consider my application" ba ta zauna ba. Abin da mai neman yake nufi shi ne "I hope you will consider my application". A rubutun aiki, wuri biyu kawai nake barin "wish": "I wish to apply for the post", wato ina so in nema, da kuma yi wa wani fatan alheri, "We wish you every success".

Matsalar "expect" ta fi ɓarna, domin nahawunta kan fito daidai, ladabin ne yake zubewa. Mai neman aiki zai rubuta "I expect your reply soon", a ransa yana cewa ina sa ran amsarku. Abin da manajan zai ji kuwa shi ne: ku ba ni amsa da wuri, kada in jira. Kamfanin da ke bin wani bashi yana da hurumin rubuta "We expect payment within 30 days". Mai roƙo ba shi da wannan hurumin. In kai ne a ƙasa, ka bar "expect" sam.

Mataki na biyu: abin da ke bin "hope"

Idan kai ne za ka yi aikin, sa "to" da aikatau tsurarsa: "I hope to complete the report by Friday". Idan wani ne zai yi, buɗe sabuwar jimla da "that": "I hope that the committee will approve the request". Idan suna ne kawai ya biyo, sai "for": "We hope for a favourable response".

Abin da ba a yi shi ne "I hope you to consider". Wannan ginin na "expect" ne: "We expect candidates to arrive by 9:00". Masu koyo sukan ji shi a can su ɗauko shi su kawo nan.

Bayan "hope" ana iya amfani da lokaci mai ci ko da abin na gaba ne. "I hope the meeting goes well" da "I hope the meeting will go well" duk sun inganta. Turawa kan jefar da "that" a magana, amma ni a wasiƙar aiki ba na barin ɗalibi ya jefar da ita. Haka ma "I" ta farkon jimla. "Hope you are fine" ta saƙon waya ce tsakanin abokai.

Korewa tana shiga ne a jimla ta biyu: "I hope this does not cause any inconvenience". Ba a cewa "I do not hope". Ita "expect" akasin haka ta fi so: "We do not expect any delay".

Mataki na uku: "look forward to"

A nan nake so ka zauna da kyau, domin a nan ne har waɗanda Turancinsu ya nuna suke tuntuɓe. Za ka ga wasiƙa tsaf, ba kuskure tun daga sama, sai a ƙasa ka tarar da "I look forward to hear from you". Daidai ɗin shi ne "I look forward to hearing from you".

Ba sakaci ba ne ke jawo shi. Tun a aji aka cusa wa mutum cewa bayan "to" aikatau tsurara yake zuwa: "to go", "to write", "to hear". Abin da ba a cika faɗa ba shi ne "to" iri biyu ce. Akwai wadda ke manne da aikatau, kamar a "hope to hear". Akwai kuma 'yar gidan su "in" da "at" da "for", wadda suna take nema a bayanta. Ta cikin "look forward to" ta biyun ce. In kana so ka sa aikatau a bayanta, dole ka mayar da shi suna ta hanyar liƙa masa "-ing".

Ga gwajin da yakan taimaka. Cire aikatau ɗin, ka sa suna a gurbinsa. "I look forward to your reply" ta zauna daram, saboda haka "-ing" ake buƙata. "I hope to your reply" ba Turanci ba ce, saboda haka aikatau tsurara ne. Da wannan gwajin za ka kama sauran danginta: "committed to improving", "with a view to expanding", "object to paying", "accustomed to working".

Kada ka canza "to" ɗin zuwa "for", kada kuma ka yar da ita. Kada ka manta da "from": "hearing from you" samun saƙonka ne, "hearing you" jin muryarka ne. "I look forward" ta fi "I am looking forward" kamala a takardar aiki.

Sai ma'anarta, wadda ba a cika lura da ita ba. "Look forward to" ɗoki ne na abin da ka ɗauka zai faru. Wanda ko ganawa ba a kira shi ba, ya rubuta "I look forward to working with you", ya ba kansa aikin ke nan kafin a ba shi. Ya ce "I hope to have the opportunity to work with you". Amsar wasiƙa kuwa abu ne da ake sa ran samu, don haka "hearing from you" ba ta da laifi.

In ka rikice kuma lokaci ya ƙure, bi gajeriyar hanya: sa suna, "your reply" ko "your response", ka huta. Kada ka dogara da manhajar duba rubutu. Tana iya kama "to hear", amma ba ta san wane ne babba tsakaninka da wanda kake rubuta wa ba. Ƙamus ɗin Cambridge da na Oxford na masu koyo kyauta suke a intanet, kuma suna nuna abin da ke bin kowace kalma.

Sauran, a taƙaice

A rahoto, inda ba a son "I", yi amfani da "It is hoped that" ko "The project is expected to end in June". "Anticipate" tana ɗaukar suna ko "-ing" ko "that", ba "to" ba: "We anticipate receiving the goods next week". Fatan da bai cika ba: "We had hoped to finish earlier". "Hopefully" a farkon jimla an daɗe ana gardama a kanta. Kamfanin dillancin labarai na AP ya amince da ita a 2012, amma har yanzu akwai masu yamutsa fuska, don haka rubuta "I hope that".

In roƙo ne kai tsaye, "would" da "could" tare suke tafiya: "I would be grateful if you could review my file". "I would appreciate it if" kuma ba ta tafiya ba tare da "it" ba. Jimlar fata ɗaya ta isa wasiƙa. In ka sa "I hope" a sakin layi na ƙarshe, kada ka ƙara jero "I trust" da "thanking you in anticipation" a bayanta.